Daren da na ɗauke 'yata daga Legas

Abin da zan faɗa muku ba abin alfahari ba ne, ƙannena, amma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Ina matashi, ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, na samu 'ya da wata mata da ke zaune a Ketu ba tare da an ɗaura mana aure ba. Tuba tsakanina da Ubangijina ne. Abin da zan yi magana a kai shi ne yadda na lalata al'amarin yarinyar bayan mun rabu.

Shekara biyu ina ba uwarta kuɗin abinci da na makaranta hannu da hannu, babu rasit, babu shaida, kuma ban taɓa tambaya ba ko an saka sunana a takardar haihuwar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. Da muka samu saɓani ta fara hana ni ganin yarinyar, sai abokai suka zuga ni cewa ɗa na uba ne. Wata Asabar na karɓe ta da sunan zan sayo mata takalmi, na sa ta a motar dare, sai Katsina wurin mahaifiyata. Tana da shekara huɗu, ba ta jin Hausa, kuma tun daga Ibadan take kuka tana kiran uwarta, riƙe da takalmin a cikin leda. Inna ta dube ni ta ce, "Kai, yaro, uwarta ta san kun taho?" Na kasa ɗaga kai.

Malamin da na je wurinsa neman goyon baya shi ya fara sanyaya mini gwiwa. Ya ce a wurin jumhurin malamai ɗan da aka haifa ba da aure ba ga uwarsa ake jingina shi, kuma ko da aure aka yi aka rabu, a mazhabar Malikiyya reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Ashe maganar da na dogara da ita hirar kasuwa ce kawai.

Dokar ƙasa ma ta ba ni hanya, ni ne ban bi ba. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa, sannan Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Legas ta yi tata a 2007, ta ba uban da bai auri uwar ba damar zuwa kotun iyali ya nemi a amince masa da ɗaukar nauyin ɗansa, ya nemi riƙo ko ziyara. Ma'aunin kotu kuwa maslahar yaron ce, ba yawan kuɗin uba ko zafin zuciyarsa ba. Da aka gurfanar da mu bayan na dawo da ita, majistaren ta tambaye ni ajin da yarinyar take da sunan asibitin da ake yi mata allurar rigakafi. Ban sani ba. Uwarta ta zaro katin asibitin daga jaka. Aka bar mata riƙo, ni kuma aka yanka mini kuɗin ciyarwa, aka ba ni ziyara sau biyu a wata, da farko ma a gaban jami'ar jin daɗin jama'a, saboda na riga na nuna cewa ina iya guduwa da ita.

Don haka idan kuka rabu, ku zauna tun zuciya ba ta yi zafi ba, ku rubuta inda yaro zai zauna, da ranakun ziyara, da hutun makaranta da na Sallah, da sharaɗin cewa ba mai fita da shi daga gari sai da yardar ɗayan a rubuce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas tana da cibiyoyin sulhu da ake zama kyauta, kuma kuɗin ciyarwa ku riƙa turawa ta banki. Idan aka hana ku ganin yaro, kotu za ku nufa, kada ku nufi tashar mota.

Bayan shekaru uwarta ta samu aiki a Ibadan. Ba ta kwashe kaya cikin dare yadda na yi ba. Ta sanar da ni, muka koma gaban mai sulhu aka sauya jadawalin, aka ƙara mini rabin dogon hutu. Yanzu ƙarshen kowane wata nakan hau jirgin ƙasa a tashar Agege in je in gan ta. Ta fara gaishe ni da Hausa, amma har yau idan na ce mu fita sayayya sai ta fara waiwayar uwarta.