Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwarashin Gwaggo

A makon jiya mun tsaya ne a inda aka sa ranar auren Yaya, aka ce sai bayan Babbar Sallah, da kuma daren da Baba ya tara mu a ɗakinsa ya ce kowa ya rage buri, kasuwa ta ja baya. Shekarar 2013 ke nan. Tun 1 ga watan Yuli malaman jami'o'i suka tsunduma yajin aiki, na tattaro 'yan komatsaina na dawo gida Gwammaja da tunanin ba za mu daɗe ba. Azumi ya kama, ya wuce, muka sha Ƙaramar Sallah, ba labarin komawa. Kullum a rediyo sai dai a ce an zauna an tashi baram-baram.

Wanda bai taɓa zaman jiran yajin aiki ba, ba zai gane nauyinsa ba. Kafin hantsi na gama shara da wanke-wanke. Daga nan sai hira a manhajar 2go a 'yar Nokia ɗina har caji ya ƙare, ga wuta sai ta ga dama take zuwa. Amma abin da ya fi ci min rai zancen gudummawa ne. 'Ya'yan Kawu tuni sun kawo setin kuloli, ƙawayen Yaya sun haɗa kuɗi za su sayi injin markaɗe, ni da muka fito ciki ɗaya ko sisi ba ni da shi. Ɗan abin da Baba yake ba ni na makaranta ya tsaya tun ranar da makarantar ta tsaya.

Masu bin labarin nan tun farko sun san Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta aka ba ta ɗakin da ke kusa da soro. Sun kuma san irin zaman doya da manjan da suke yi da Umma: gaisuwar safe, gaisuwar yamma, shi ke nan. Mu yara ba wanda ya hana mu shiga ɗakinta, ba kuma wanda ya ce mu shiga. Wata la'asar ana yayyafi Umma ta aike ni kai mata tuwo, na tarar da ita a bakin gado tana saƙa hular jariri, idonta a kan taga, hannunta na ta aiki shi kaɗai. Na ajiye kwanon na tsaya.

"Ke 'yar boko, tsayuwar me kike min a ka?"

"Gwaggo, so nake ki koya min."

Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashinta. "Hannun da ya saba da biro? Me za ki saƙa?"

Na ce rigar filo, ta Yaya. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, sannan ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, in da gaske nake gobe da safe in shirya mu je kasuwa.

Daga ƙarƙashin gado ta jawo adakarta, ta fito da wani tsohon gwangwanin alewa cike da kwarashi. Akwai sirara na ƙarfe masu bakin da da ƙyar ido ke gani, na saƙar zaren auduga, akwai masu kauri na ulu. Ta zaɓo min wani da aka buga 4.0 a jikinsa, wato milimita huɗu, ta ce mai koyo ba ya fara wa da siriri, idonsa zai mutu kafin hannunsa ya faɗa. Ita a ajin matan aure ta koya, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, bayan da aka kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano a 1980. Karatu da rubutu aka kai su koya, aka haɗa musu da ɗinki da saƙa. Har gobe in aka taɓo siyasa Gwaggo za ta gaya maka ita 'yar santsi ce, ba ruwanta da 'yan taɓo, ko da kuwa rabin masu sauraronta ba a haife su ba lokacin da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo.

Washegari muka hau A Daidaita Sahu zuwa kasuwar Sabon Gari, don tun watan Janairun shekarar aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. A rumfar masu ulu na ga abin da ban taɓa gani ba. Gwaggo ta tsinko ɗan guntun zare, ta ciro ashana daga jakarta ta kunna masa. Ya narke ya dunƙule ya yi ƙwallo mai tauri, yana warin leda. Ta ce wannan na roba ne, kuma kusan duk abin da muke kira ulu a kasuwa shi ne. Na auduga toka yake zama, na gashin tumaki kuwa ƙaurin gashi yake yi. Na robar ta saya, don shi ne mai sauƙin kuɗi kuma yana jure wanki. Mai rumfar ya ce, "Hajiya, ki ɗauki kaɗan mana, in ya ƙare ta dawo." Ta ce a'a. Launi ɗaya, kamfani ɗaya, amma rinin yau daban da na wata mai zuwa, sai ka haɗa su a jikin saƙa bambancin zai fito fili. Muka ɗauki ruwan madara da yawa, da makuba, da ruwan goro kaɗan. Da kuɗinta ta biya, ta ce bashi ne.

Kwanakin farko ba abin da ta bar ni na yi sai sarƙa. A yi zarge a saka kwarashi, a ɗauko zare a jawo ta cikin madaukin, a sake ɗaukowa a jawo. In na yi mai tsawo har ta kai bakin ƙofa, sai ta karɓa ta miƙe ta a haske, ta nuna min inda idanun suka tsuke da inda suka yi sakwa-sakwa, sannan ta ja bakin zaren fuu, ta warware gaba ɗaya ta miƙo min.

"Kina ta kallon kwarashi. Ba shi ke saƙa ba, hagunki ce."

Na daɗe kafin maganar ta shige ni. Zaren yana zagaya ƙaramin yatsan hagu, ya bi ta ƙarƙashin na tsakiya biyu, ya hau kan manuni. Babban yatsa da na tsakiya su ke riƙe da saƙar. Manunin nan shi ke sakin zare daidai gwargwado, in ya ɗaga zare ya yi tauri, in ya sauka ya saki. Mai koyo tsoro yake ji kada abu ya kuɓuce masa, sai ya damƙe komai, idon saƙa ya matse har kwarashi ya kasa shiga, ulun ya riƙa ƙara ƙii-ƙii a jikin ƙarfe. Ga gumin tafin hannu da ke mayar da ruwan madara ruwan ƙasa. Shi ya sa Gwaggo ta kafa min doka: in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa, ban da man shafawa, curin zaren kuma a cikin roba mai murfi da ta huda, kada ya gangara ƙasa ya kwashi ƙura ko kyanwar maƙwabta ta samu abin wasa.

Da hannuna ya ɗan saki, sai ta koya min abin da take kira sanda. A naɗa zare sau ɗaya a kwarashi, a soka a cikin ido, a jawo zare, madauki uku ke nan a kan ƙarfen. A ɗauko zare a wuce ta biyu, a sake ɗaukowa a wuce ta biyun da suka rage. Ba ta yarda na yi filon layi-layi daga ƙasa zuwa sama ba. Ta ce mai koyo kullum yana tsallake idon ƙarshe bai sani ba, sai ya wayi gari gindin saƙa ya fi kanta faɗi. Daga cibiya muka fara: sarƙa huɗu a haɗe bakinsu su zama zobe, a cikin zoben a dasa sanda uku-uku har gida huɗu, tsakanin kowane gida da ɗan'uwansa sarƙa biyu, su ne kusurwoyi. Zagaye na biyu gida takwas, na uku goma sha biyu, kowane zagaye ana ƙara huɗu. Lissafin ba ya ƙarya. In ka ƙirga ka ga goma sha ɗaya, to akwai kusurwar da ka cuta, kuma tun daga nesa za ta nuna kanta, ta karkace.

A ganina wannan ita ce hikimar saƙar cibiya. Mutum na ganin aikinsa yana girma ta kowane gefe, ga canjin launi da ke hana gajiya: zagaye biyu na madara, ɗaya na makuba, can a sa goro ya haska. Abin da ba wanda ke gaya maka tun farko shi ne kowane canjin launi bakin zare biyu yake bari a baya, kuma duk sai ka bi su da babbar allura ka cusa su cikin saƙa ɗaya bayan ɗaya. Ba a ƙulle su a yanke, wankin farko za su kwance. Har yau wannan ne aikin da na fi ƙi.

A zaman nan ne na san Gwaggo. Rediyonta na kan Freedom, bakinta na kan labari. Ta ba ni labarin lokacin da aka rufe masaƙar da mijinta ke aiki a Bompai, ya dawo gida da takardar sallama da alkawarin haƙƙin da bai gani ba har ya koma ga Allah. Da kwarashin nan ta riƙe gidan: huluna da safar jarirai in hunturu ya gabato, rufin kujera da na talabijin lokacin bukukuwa. Wata rana tana gyara min kusurwa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, shawul ɗin da aka naɗe ni a ciki ranar sunana ita ta saƙa. Na san shawul ɗin, fari ne, yana cikin akwatin Umma. Ba a taɓa gaya min daga inda ya fito ba.

Kafin Babbar Sallah na gama fuska biyu, kowace taƙi biyu da ɗan ɗoriya. Filon na audugar rimi ne, Gwaggo ta sa na bar rigar ta gaza shi da kamar yatsa biyu, don ulu yana miƙewa, in ta yi daidai yau gobe za ta yi yawa. Muka yi shafi da yadi ruwan makuba saboda ramukan, muka haɗe gefe uku da kwarashi, na huɗun aka sa maɓallai. Na wanke da ruwan sanyi, na shimfiɗa a kan tabarma a inuwa, don in aka rataya a igiya nauyin ruwa zai ja ta, dutsen guga kuwa narkar da ita zai yi. Na kai ɗakin Gwaggo na ɓoye, kada Yaya ta gani.

Bayan Sallah da kwana kaɗan na shiga ɗaukowa, babu.

"Na ba dillaliya," in ji Gwaggo, tana ɓare goro.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Na ce Gwaggo ta Yaya ce fa. Ta ce ta sani. Ta ce duk abin da ka ba ɗan'uwanka cewa zai yi ya yi kyau, ko da tsumma ne, amma matar da za ta kwance bakin zaninta ta biya ba ta jin kunyar kowa. Kuma ɗakin amarya dangin miji ke shiga su ɗaga komai su duba bayansa, ba a kai musu saƙar farko. Na fita ban ce mata komai ba, na daina shiga ɗakin. Har yanzu ina ganin da ta tambaye ni tukuna.

Ranar Juma'a dillaliyar ta dawo da N1,500, ta cire la'adarta, ta kuma kawo saƙo: wadda ta saya ta ce kusurwa ɗaya ta fi sauran tsuke. Gwaggo ta aiko a kira ni, ta cire kuɗin ulunta a gabana, ta tura min ragowar. Da su na koma Sabon Gari ni kaɗai, da ashana a jakata. Na saƙa wa Yaya guda biyu, cikin rabin lokacin da ta farkon ta ci. Ranar jere 'yan'uwan Umma suka ɗan yi gardama a kan ko sun dace da zanen gadon da aka sayo a Kantin Kwari, daga ƙarshe aka ɗora su a kan kujera. Biki ya tashi lafiya, labarinsa na wani makon ne.

Sanyi na fara shigowa dillaliyar ta sake sallama, wannan karon ni take nema. Wata Hajiya za ta aurar da 'ya a farkon shekara, tana son guda shida iri ɗaya, ga rabin kuɗin. Na karɓa, na sayo ulun gaba ɗaya, na fara. Ina kan ta biyu, ranar 17 ga Disamba, aka sanar a rediyo an janye yajin aikin.

Umma ce ta fara ji. Ta leƙo ɗakin Gwaggo, ɗakin da rabonta da taka shi tun ina sakandare, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta dubi curin zaren da ke zube a kan tabarma, ta dube ni, sannan ta ce wa Gwaggo, "Yaya, yarinyar nan karatu na tura ta." Gwaggo ta ce, "Na sani. Amma ta ci kuɗin mutane." Ba wadda ta ƙara ko kalma. Da daddare bayan sallar isha'i ƙanena ya zo ya ce Baba yana kira, ni da Umma da Gwaggo, kuma in taho da saƙar.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.