Wadar zuci da buhun masara

Mu shida ne a gida, albashin kuma na malamin firamare ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ba ya kai ashirin ga wata in an sake masa linzami. Abin da ya tsayar da ni wata kalma ce a wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, sura 4. Yana ɗaure ya rubuta ta, ya ce wadar zuci koyonta ya yi, ya san zaman ƙoshi, ya san na yunwa. Abin da ake koyo kuwa yana da hanya. A gidanmu hanyar ta bi ta littafin lissafi da ɗakin ajiyar hatsi.

Ranar da albashi ya shigo, ni da uwargida muke zama da biro kafin a taɓa ko naira. Zakka ake fara cirewa, sai hatsi, sai kason kuɗin makaranta, sai abin da muke kira kuɗin asibiti, kome ƙanƙantarsa. Abin da ya rage shi ne cefane, a raba shi huɗu, kowane mako da nasa. In kuɗin mako ya ƙare ran Alhamis, miyar kuka ce da daddawa har Lahadi, ba a taɓa na mako mai zuwa. A da muna barin zakka sai ƙarshen wata, sai ta zama bashin da ke cin rai, mutum ya shiga sujada yana jin kamar ana kallonsa.

Hatsi shi ne ƙashin bayan gida, don haka a nan na fi zuba ido. Masara ta fi araha da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, ta fi tsada tsakiyar damina. Shi ya sa nake roƙon a sa kwasata ta adashi ta faɗo a Nuwamba. Buhu mai tiya 40 yana kai mu kusan wata biyu da rabi, da tuwon dare da kunun safe, wato buhu biyar ya rufe shekara, sai buhun wake ɗaya. Inda ake asara shi ne wajen ajiya. Masarar da ba ta gama bushewa ba takan yi fumfuna, kuma gwajinta ba wuya: zuba ɗan hatsin da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Wake kuwa buhun PICS muke sa shi, mai leda biyu a ciki. Kowace leda a matse iskarta, a ɗaure ta daban, a ɗora buhun kan katako nesa da bango. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, don haka huda ɗaya ta ɓera ko yawan buɗewa ya isa ya ɓata aikin. Na watan da ake ciki a ɗebe shi a jarka tun farko. Maganin ƙwari na gona ba ya kusantar abin da yarana za su ci.

Amma gaskiya, yunwa ba ita ta fi girgiza mana zuciya ba. Ido ne, kuma a coci ya fi yawa. Ankon Zumuntar Mata, ankon biki, gidauniyar gini inda ake kiran suna da adadi a lasifika. Sau ɗaya na ɗaga hannu na yi alkawarin abin da ba ni da shi don kada a raina ni, na yi wata uku ina kauce wa ma'aji a bakin ƙofa. Yanzu anko ɗaya ne a shekara, baiko kuma a ambulan, gwargwadon abin da muka shirya tun a gida. Addu'ar Agur a Karin Magana 30 muke yawan yi da safe: kada talauci ya kai mu ga sata, kada wadata ta sa mu manta da Ubangiji, a ba mu abincin da ya ishe mu.

Wadar zuci kuma ba ta hana nema. Akwai zogale da yakuwa a bayan ɗaki, da kaji da ake yi wa rigakafi kafin hunturu, don ciwon da ke share su da iskar sanyi yake zuwa. Uwargida tana awara da yamma, ribar ce sabulu da gishiri.

Disamba ce jarabawar. Zango na biyu yana buɗewa a Janairu, kuɗin Kirsimeti da na makaranta kuma aljihu ɗaya suke fitowa. Muna sayen yadin yara tun Oktoba, a kai wa tela kafin layi ya yi tsawo, kuɗin makaranta kuma a ware shi kafin a yi zancen shinkafa da nama. Yaran sun san lissafin, ba ma ɓoye musu. Bara babbar ta ce, "Baba, takalmina na bara yana nan lafiya, a saya wa auta." Aka goge nata da man takalmi, ta shiga layin mawaƙa da shi ran 25 ga wata.