Enmil Biyar Na Karya Kafin La'asar

Ƙannena masu koyon aikin injin milin, wato injin sassaƙa ƙarfe, bari in ba ku labarin wautata, ko ta rage muku asara.

Lokacin hunturu ne, ina yaron shago a Sabon Garin Zariya, aka kawo mana wani dayi, wato ƙarfen da ake buga siffar kaya da shi, na ƙarfen D2 da an riga an gasa shi, taurinsa ya kai 60 a ma'aunin Rockwell. Wata 'yar siririyar kwarmi za a fitar a jikinsa. Maigida ya miƙo mini enmil, wato 'yan bakin yanka da ake ɗaura wa injin, na kabayid mai tsananin tauri, masu faɗin milimita 1, ya tafi Kaduna.

Na farko ya yi ƙas ya karye tun bai yi nisa ba. Tsoro ya kama ni, na rage tafiyar tebur, ina lallaɓa shi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ashe nan ne na ɓata. Haƙorin da bai samu abin cizo ba gugar ƙarfen kawai yake yi, ya yi zafi, ya dakushe. Na kuma sakar masa ruwan sanyaya yana zuwa yana yankewa, kabayid kuwa ba ya son zafi da sanyi a jere, tsagewa yake. Kafin la'asar biyar sun tafi, ina ta zagin wanda ya sayar mana a zuci, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da maigida ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ɗora agogon awo a jikin enmil, ya juya da hannu, allura ta yi rawar milimita 0.02. Ya ce, "Kai yaro, kowane haƙori 0.005 zai ci, kaga rawar ta ninka cizon sau huɗu. Haƙori ɗaya ke aikin biyu." Ya kwance kolet, wato abin da ke riƙe enmil, ya nuna mini: ƙurar hunturu ce ta haɗu da mai ta daskare a ciki. Wanda bai taɓa ganin hazon Zariya ya shiga shago ba zai ce ƙari nake.

Wata wautar kuma, na zaro enmil ɗin waje da yawa don in riƙa hango aikin. In ka ninka tsawon da ya fito, lanƙwasarsa sau takwas take ƙaruwa.

Yanzu ina goge kolet, in auna rawa, in tura enmil ciki iya yadda aikin ya bari. Iskar kwamfiresa nake hura masa don diddigar ta fita. Lissafi kuma a takarda: juyi 6,000 a minti, haƙora 2, cizo 0.005, tafiya milimita 60 ke nan a minti, zurfi kaɗan-kaɗan.

Ku kuma tambayi mai aiki tun farko ko za a iya yanka ƙarfen kafin a gasa shi. Mu namu ya zo a gashe, kuɗin enmil biyar kuwa a aljihuna aka cire, wata biyu ina biya.