Ƙusa, noti da langalanga: abin da aikin rufi ya koya mini

Duk haɗin katakon da zan yi yanzu, kafin in ɗauki guduma sai na tsaya na duba ta ina nauyi zai ja shi. A aikin rufi na koyi wannan, domin a can ne ƙusa ke nuna halinta. Idan katako biyu na neman zamewa a jikin juna, tana riƙe su gam, ko lanƙwashewa za ta yi ba za ta saki ba. Amma in ana jan ta ta hanyar da ta shiga, zarewa take yi, balle a ce a bakin yanka aka buga ta, inda take bin jijiyar itacen. Wannan ƙusar ado ce kawai.

To shi rufin kwano ba nauyi ne babban abokin gabansa ba, iska ce, kuma sama take cira shi. Saboda haka inda rafta ta sauka a kan katakon da ke kwance bisa bango, nan nake ɓata lokaci. Nakan yi wa raftar ɗan gurbi don ta zauna daram, amma ba na cin fiye da kashi 1 cikin 3 na faɗinta, in ba haka ba na raunana ta da hannuna. Sai in buga ƙusa a karkace ta ɓangarorin biyu, su gitta juna a cikin na ƙasa. Bayan nan in naɗo langalanga ta kan raftar, in ɗaure ta da katakon bangon, shi ma a ɗaure shi da ginin. Wasu na ganin wannan ɓata ƙarfe ne. Ni dai na ga rufin da iska ta ɗauke ɗungurungum, kwano da rafta a haɗe lafiya lau, wurin zaman nan kaɗai ya saki.

Tsawon ƙusa ba shi da wuyar lissafi: ta kai kamar ninki 3 na kaurin katakon da ke sama, yadda mafi yawanta zai shige na ƙasa. Kusa da baki kuwa, nakan ɗan dakushe tsininta da guduma tukuna, don mai tsini raba jijiya take yi ta tsaga katako, dakusasshiya kuma murƙushe ta take yi ta wuce. In itacen mai tauri ne, sai an fara huda shi.

Manyan haɗe-haɗe, irin inda rafta ke gamuwa da dogon katakon da ke hana rufi buɗewa, noti nake sa musu. Ramin ya ɗara kaurin ƙarfen da milimita 1 ko 2 kawai, a sa washa gaba da baya don kada kan ya nutse cikin itace, a kuma bar tazara daga ƙarshen katako kamar ninki 7 na kaurin ƙarfen. Abin da mutane ke mantawa shi ne ɗanyen katako yana tsukewa ta faɗi da kauri in ya bushe, tsawonsa ne kusan ba ya canjawa. Notin da aka ɗaure tamau yau, bayan wasu watanni da yatsa ma za ka juya shi. Dole a koma a ƙara ɗaurewa kafin a rufe silin.

Sukuru ya fi ƙusa jure fizga, amma siraran nan baƙaƙe na allon silin ba na yarda da su a inda ake ɗaukar kaya, karyewa suke yi farat ɗaya. Katakon da aka shayar da magani mai jan ƙarfe don gara kuma yana cin ƙusar da ba ta da kariya, tsatsa ta cinye ta a ciki ba wanda ya gani. Irinsa sai ƙusa mai rufin zinki, kuma langalangar ma haka.