Kwamfutar da ta koya mini tambaya kafin in ɗauki ƙarfen dalma

Ina shekarata ta uku a shagon gyaran rediyo da talabijin wani mutum ya shigo da tsohon kwali a hammatarsa. Ya gaishe da Maigida, ya ajiye kwalin a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya ce, "Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Daga Ingila ya zo da ita a 1984, lokacin da aka tura shi kwas. So nake yarana su ga abin da na fara taɓawa." Da aka buɗe sai ga Commodore 64, mai launin ƙasa-ƙasa, duk kwamfutar tana cikin akwatin madannanta. A 1982 aka fara sayar da irinta, kuma ba ta da allon kanta, da talabijin ɗin gida ake haɗa ta. Ya ce ya jona ta a gida, ya bar ta a kunne kusan awa guda yana neman hoto, bai samu komai ba. Wannan maganar ta shiga kunnena ta wuce, ban riƙe ta ba.

Na kai hannu zan jona adaftarta, Maigida ya riƙe ni. Ya ce, "Yaro, auna tukuna." Adaftar tana fitar da wuta iri biyu, bolt 5 madaidaiciya da bolt 9 mai kai-komo. An cika cikinta da wani ƙaro mai tauri, ba a buɗe ta balle a gyara, kuma idan ta tsufa ɓangaren bolt 5 yakan haura. Muka ɗora mata ɗan nauyi, muka sa mita. Ta fara da 5.2, kafin mu sha shayi ta kai 5.8. Maigida ya naɗe wayarta ya mayar cikin kwali, muka haɗa wata da kayan da muke da su a shago.

Talabijin ɗin bango da ke shagon ba ta kama komai ba. Kwamfutar tana aika hoto ta wayar eriya a tasha ta 36 ta UHF, kamar wata ƙaramar tashar talabijin, kuma sababbin talabijin da yawa ba sa jituwa da siginar tsofaffin na'urori irin wannan. Muka sauko da wata tsohuwa mai kwalba daga saman kanta, muka kakkaɓe ƙura. Sa'armu ɗaya, kwamfutar ta Ingila ce, tsarin PAL take bi, irin wanda talabijin ɗinmu ke bi a Najeriya. Da ta Amurka ce mai NTSC, da wata rigimar ce daban, hoto ya zo babu launi ko ya yi ta birgima. Ina murɗa tasha a hankali, tsaki-tsakin nan mai shuuu ya ɗauke ɗif, allo ya yi baƙi wuluk, shiru. Na kashe kwamfutar, tsaki-tsaki ya dawo. Na kunna, baƙi ya dawo.

Na ce, "Maigida, babu hoto." Ya ce, "Akwai. Baƙin nan da kake gani hoto ne." A ranar na gane bambancin. Tsaki-tsaki yana nufin babu abin da ke isa talabijin. Baƙi mai tsafta, wanda ba ya rawa, yana nufin aisin hoto (aisi shi ne ɗan guntun nan mai ƙafafu da ake dasawa a fanel), wato VIC-II mai lamba 6569, yana raye yana aika sigina, sai dai ba a ba shi abin da zai zana ba. Ke nan matsalar tana can baya, wajen furosesa 6510, ko aisin da ke ɗauke da umarnin tashi, ko ma'ajiyar RAM, ko PLA da ke raba musu hanya.

Washegari Maigida ya tafi ta'aziyya ƙauyensu, ya bar mini shago kwana biyu. Da daddare na zauna na karanta duk abin da na samu a intanet, kuma kusan kowa PLA yake ambata, mai lamba 906114-01, wai ita ce ta fi yawan kawo baƙin allo. Gaskiya ne tana mutuwa sosai. Amma ni na ɗauki abin da ya fi yawa a kwamfutocin mutane na ɗora wa wadda ke gabana ba tare da na tambaye ta ba. Na kunna ƙarfen dalma na shiga cire aisi mai ƙafa 28 daga fanel ɗin da ya haura shekara arba'in. Ƙafa ɗaya ta ƙi saki, na ƙara zafi, na ja. Wani siririn layin tagulla ya ɗago tare da ita, ya lanƙwashe kamar gashi. Har yanzu ina tuna yadda cikina ya ɗuri ruwa, domin kayan marigayi ne, kuma babu inda zan je a Kano in sayo wani fanel ɗin.

Da Maigida ya dawo bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo. Ya sa tabarau, ya ɗinke layin da ƙaramar waya, ya dasa soket a wurin domin kada a sake ƙona fanel, ya mayar da PLA ɗin. Sannan ya ce, "Me mai kayan ya ce ya yi a gida?" Na maimaita masa. "Da wace adafta?" Sai na yi shiru. Awa guda tana shan wutar da ta wuce ƙima, kuma aisin RAM su ne suka fi saurin mutuwa da irin wannan, don bai kamata wutarsu ta wuce bolt 5.5 ba. Amsar tana bakin mutumin tun ranar farko.

Ya ce in kunna, in ƙirga ashirin, in bi aisin da bayan yatsa. Wannan gwaji yana son sani, domin VIC-II da aisin sauti SID suna zafi ko da lafiyarsu ƙalau, wanda bai sani ba sai ya yanke musu hukunci a banza. RAM kuwa guda takwas ne, masu lamba 4164, kowanne yana riƙe da ɗigo ɗaya cikin takwas na kowane bait, wato ma'aunin bayanan da kwamfuta ke ajiyewa, shi ya sa mutuwar ɗaya kan iya tsayar da komai. Bakwai suna da ɗumi kaɗan. Ɗayan kuwa ya ƙone ni har na fizge hannu. Muka yi odar sababbi daga waje, muka jira mako uku, kuma a wannan karon na yanke ƙafafun mataccen ɗaya bayan ɗaya na zare su a hankali, ban taɓa layi ko ɗaya ba.

Muka kunna. Rubutu ya fito, da READY a ƙasa da ɗan murabba'i yana ƙiftawa, da adadin nan 38911 wanda ke nuna ma'ajiyar BASIC, yaren da ake ba kwamfutar umarni da shi, ta cika daidai. Da adadin ya gaza haka, da akwai sauran RAM mai ciwo. Sai dai hoton fari da baƙi ne, alhali ya kamata ya zama shuɗi mai haske a kan shuɗi mai duhu. A lokacin mun bar wayar eriya, muna amfani da wata waya da na haɗa da hannuna daga soket ɗin bidiyo na bayan kwamfutar.

Zuciyata ta tafi kai tsaye kan VIC-II, ko kiristal ɗin da ke ba da launi. Na ji hannuna yana neman ƙarfen dalma, na janye shi. Na tambayi kaina mene ne na canza tun ganin ƙarshe, kuma abu ɗaya ne, waya. Na mayar da ta eriya, shuɗi ya cika allo. Na buɗe kan wayar da na haɗa, na ga na liƙa ta a fil na 1, mai ɗauke da haske kaɗai, maimakon fil na 4 mai haɗe da haske da launi. Gyaran bai kai minti biyar ba. Maigida yana gefe yana gyaran wata rediyo, bai ɗago ba, ya dai ce, "To, madalla."

Ranar Asabar mutumin ya zo da ɗansa ɗan shekara goma. Na nuna wa yaron ya rubuta POKE 53280,5 ya danna RETURN, gefen allon ya koma kore, ya juyo yana kallon babansa. Uban ya daɗe yana shafa madannan bai ce komai ba. Da zai tafi ya ɗaga tsohuwar adaftar ya ce, "Wannan fa, Malam?" Maigida ya ce, "Alhaji, ka ajiye ta tunda ta Baba ce, amma kada ta sake ganin soket." Ya sa ni na rubuta hakan a takarda da manyan baƙaƙe, na manna a jikinta da salatif.