Wata biyar da na hana 'yata Hausa

Ɗana na fari yana shekara uku aka tabbatar mana yana da galahanga, larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, abin da a nan Makka ake ce wa tawahhud. Lokacin ina goyon ƙanwarsa Ummi, watanta takwas. Likitar ba ta ɓoye mini ba: a cikin ƙannen irin waɗannan yara, kusan ɗaya cikin biyar yakan zo da ita, wasu kuma ba su da ita amma bakinsu yakan yi nauyi. Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba.

Ummi ta kai wata 15 babu abin da take faɗa sai "mama". Wata maƙwabciyarmu a Shari'a Mansur ta ce, "Maman Abba, harshe biyu ne ke rikita yaran nan. Ki bar Hausar, ai makaranta ma da Larabci za ta yi." Na hau kai na zauna.

Larabcina na kasuwa ne da asibiti. Zan iya ciniki da shi, amma ban iya rarrashi ba, ban iya wasa ba. Sai na wayi gari ina yi mata wanka shiru, ina ba ta abinci shiru. Dama yayanta ba ya son hayaniya, gidan ya ƙara yin tsit. Hajiya, uwar mijina, ita kaɗai ta ƙi bin dokata. "Jikata ce," in ji ta, "ba zan yi mata gwaranci ba."

Tana wata 20 muka kai ta asibiti. Aka fara da gwajin ji, lafiya lau. Sai takardar tantance alamun galahanga, M-CHAT, mai tambaya 20, wadda ake yi wa yara daga wata 16 zuwa 30. Na zaci kalmomi za a ƙirga, ashe yawancin tambayoyin a kan wani abu ne: tana nuna abu da yatsa? Tana kawo miki abu don ki gani? Tana waiwayowa in an kira sunanta? Duk tana yi, ni ce ban ɗauke su a bakin komai ba.

Malamar koyar da magana ta ce in rubuto duk kalmar da Ummi ke faɗa, da kowane harshe, domin a haɗe ake ƙirga su, kuma harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Na rubuta uku: mama, moya (ruwa), la (a'a). Da na karanta wa Hajiya, ta yi dariya ta ƙaro mini zo, ungo, tuwo, a'a, kaka. A ɗakinta ake faɗarsu, ni ban taɓa ji ba. Kunya ta kama ni.

Na koma Hausa a daren. Malamar ta ce in riƙa faɗin abin da hannuna ke yi, in yi tambaya in dakata, kada in yi saurin amsa mata. Dakatawar nan ta fi komai wuya.

Ta haɗa kalma biyu tana shekara biyu da wata biyu. Dabino ta miƙa wa ɗan'uwanta ta ce, "Yaya, ungo." Bai kalle ta ba, amma ya karɓa.