Amsar da ban bayar ba a zauren taro

Asabar, bayan isha'i.

Ga allon nan na jingine shi a jikin talabijin, tunda Abban yara ya ce sai gobe zai nemo ƙusa. Katako ne mai ɗan sheƙi, an rubuta sunana da ruwan zinare, har an yi mini kyautar harafi ɗaya wanda ba nawa ba, amma ban tanka ba. Wasu matasa ne masu son karatu a nan Kano suka ga 'yan rubuce-rubucen da nake yi a kan littattafai, suka ce sun isa a yaba. Alhamdu lillahi. Rabon da a kira sunana a gaban jama'a a miƙo mini wani abu tun aji huɗu na firamare, da aka ba ni sabulu sanda ɗaya saboda tsafta.

An ce ƙarfe goma, aka fara sha biyu saura. Hazo ya sauko, kowa leɓensa a bushe. Jawabai dai irin waɗanda aka saba, kowa ya ce ba zai tsawaita ba sannan ya tsawaita. Aka kira ni, aka ɗauki hoto, ƙafata tana rawa a cikin takalmi.

Abin da ya hana ni barci ya faru ne bayan nan. Da aka ba da damar tambaya, wata yarinya mai farin hijabi, ba za ta wuce shekara 17 ba, ta miƙe daga can baya da biro a hannu ta ce, "Anti, don Allah a cikin littattafan marubutanmu waɗanne kika fi so, waɗanda za ki ce mu nema?" Na ɗaga ido, sai na ga layin gaba duk manya ne, malaman jami'a da manyan riguna, da wani dattijo tsohon hedimasta ya dogara haɓarsa a kan sanda yana jira. Sai na ji bakina ya ce Magana Jari Ce, da Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar. Aka yi tafi. Dattijon ya gyaɗa kai. Yarinyar kuwa ta mayar wa bironta murfi ta zauna, ko ɗigo ba ta rubuta ba. Me za ta rubuta? Sunayen da ta san su tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali?

Ba ƙarya na yi ba. Ina son ukun nan har raina. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja, gasar rubutun littattafai da Baturen nan Rupert East ya shirya daga Zariya, kuma har yau in na tuna yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ɗana wa juna tarko sai na yi dariya ni kaɗai. Shaihu Umar kuwa, ban taɓa kai wa wajen uwar nan da ta bi sahun ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi ba tare da na ajiye littafin na ɗan numfasa ba. Amma ba abin da aka tambaye ni ba ke nan. Amsar kunya na bayar, irin ta amarya a gaban surukai.

A cikin adaidaita sahu ina ta juya maganar. Har na yi wa kaina dariya da na tuna cewa hukumar da keken nan ya ci sunanta ita ce a 2007 ta tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a garin nan, wai suna ɓata tarbiyya. To ga ni a cikin kekenta, rungume da lambar yabo, kuma ashe ni ma yau na ɗan taya ta aiki, tunda na ƙi ambaton littattafan da suka raine ni.

Na ce wa mai keken ya sauke ni Sabon Gari. Niyyata in sayi uku ko huɗu in aika wa yarinyar ta hannun masu taron. Na zaga rumfuna har ƙafata ta gaji. Littattafan addini ga su nan tuli, na jarrabawa ga su nan, Magana Jari Ce ma ban sha wuya ba, duka ukun suna jere. Da na ambaci waɗanda na zo nema, wani mai rumfa, wanda furfura ta fara cin gemunsa, ya dube ni ya ce, "Hajiya, ai kin makara. Yanzu kowa a waya yake karatu, wa zai zuba kuɗinsa a bugu?" Ya ce in bar masa lamba ko za a dace. Na bari, amma na san irin wannan "ko za a dace" ɗin. Haka na fito da albasa da kayan miya a madadin littafi.

Bayan la'asar na sa yara suka jawo mini tsohon akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado. Rabona da buɗe shi tun tashinmu daga gidan haya. Warin tsohuwar takarda da kafur ya bugi hancina, sai ga ni na koma 'yar aji uku a sakandare, ina tara kuɗin tara in kai wa mai hayar littafi na bakin layinmu, in cusa littafin a cikin na lissafi don kada Yaya ya gani. Amsar yarinyar nan tana cikin akwatin, kuma ga ta.

Na farko, ba tare da wata shawara ba, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, da mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rumfa a wannan Sabon Garin da na baro ɗazu, wanda yake ƙuntata wa gidansa yana kashe kuɗi a waje, har ya auro Delu ya kori uwar 'ya'yansa. Rabi ba ta zauna tana kuka ba, abinci ta shiga dafawa tana sayarwa, ta riƙe 'ya'yanta. Lokacin da na fara karanta shi ban san ana iya sa irin matan layinmu a littafi ba. Na ɗauka littafi na sarakuna ne da aljannu da aku mai magana. Sai ga kuɗin cefane da ba ya isa, ga gorin kishiya, ga kuɗin makaranta, duk a rubuce baƙi da fari, da irin Hausar da ake yi a tsakar gida. Wata gwaggona tana nan a cikin Rabi, har yadda take yin shiru idan abu ya ishe ta. Ƙarshen littafin ya daɗe yana ba ni haushi, domin bayan wuta ta cinye dukiyar Alhajin ya dawo ba shi da ko sisi, sai aka taru a kan Rabi ta koma. Ina 'yar shekara 15 na yi jifa da littafin a kan katifa. Yanzu da na ga abin da na gani a gidajen mutane, na gane marubuciyar ba daɗin baki ta zo yi mana ba, abin da ake yi ta faɗa. Abin dariya kuma abin takaici, wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012, wadda Aliyu Kamal ya yi, ga shi yau na rasa na Hausar a kasuwar da labarin ya faru.

Ɗan'uwansa Wa Zai Auri Jahila? shi zan fi so yarinyar ta fara da shi. Wata yarinya ce mai suna Abu aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, ta gudu, ta koma karatu da girmanta har ta zama ma'aikaciyar jinya. Wanda ya san ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, zai gane daga inda zafin alƙalamin yake fitowa. Ƙanwar marigayi Janar Murtala ce, amma ni ban taɓa jin wannan ya ƙara wa littattafanta komai ba, da ƙafarsu suke tsaye.

Sai So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwahid, na 1980, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Ɗan siriri ne, a zama ɗaya ake gama shi. Nawa bangonsa ya tafi, Umma ce ta ɗinke mini shi da zare da allura ba tare da ta tambayi abin da ke ciki ba, Allah ya jiƙanta. Ko ta sani ta yi shiru ne, oho.

Masu cewa marubutan Kano ne suka kawo mana soyayya cikin littafi, ina so su koma su karanta Jiki Magayi. A cikin littattafan gasar 1933 ɗin nan yake, John Tafida da East suka rubuta, kuma me ke ciki? Saurayi da budurwa suna son juna, mai kuɗi ya shigo ya ɗauke ta, saurayin ya tafi neman ramuwa, abin ya ƙare a kan ɗan da aka haifa. Tun kakanninmu suna samari ake wannan rigimar. Da na tuna shi a zauren nan da na tsira daga ɓangarorin biyu, manya su gyaɗa kai, yarinya ta sami abin rubutawa.

Akwai kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982. Wannan na Yaya ne, shi da yake hana ni karatun "littattafan banza", a ƙarƙashin katifarsa na tsince shi, kuma har yau bai san inda ya shiga ba. Littafi ne mai duhu, ta'addanci da zubar da jini, ba na kwanciya barci ba ne, amma shi ya nuna mini Hausa tana iya ɗaukar labarin da zai sa tsikar jiki ta tashi. Na Anti Bilki Funtuwa kuwa, irin su Allura Cikin Ruwa, su ne muke karɓa-karɓa a aji har sai bango ya rabu da ciki. Wasu suna cewa duniyar da take zanawa ta cika daula, motoci da turare da gidajen bene. Haka ne. Amma matan cikinta suna karatu, suna aiki, suna magana da miji da hujja, mu kuma a lokacin ko a mafarki aka nuna mana haka mun gode.

In yarinyar tana karatun Turanci, zan ce ta ɗan ƙara shekaru tukuna sannan ta nemi Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, wanda ya ci babbar gasar adabi ta Najeriya a 2016, mai dala 100,000. Labarin bazawara ce 'yar shekara 55 da wani matashi ɗan daba. Da Turanci aka rubuta, amma mutanen ciki namu ne, har kana jin Hausar da ke ƙarƙashin maganarsu. Ba zan miƙa wa 'yar sha bakwai shi da hannuna ba, kada uwarta ta zo ta yi mini sallama.

Ina cikin jera su a kan tabarma aka kira magariba. Da na idar na dawo, sai na tarar ɗaya ya ɓace daga layin. In Da So Da Ƙauna ne, na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda a farkon shekarun 1990 babu gidan da ba a san Sumayya da Muhammad ba. Na leƙa ɗakin yara, sai ga babbar 'yata, mai shekara 13, ta kifa ciki a kan gado, ta buɗe littafin kimiyya, nawa kuma yana tsakiyarsa. Ko dabarar ba ta canza ba. Wallahi hannuna har ya tafi zai fizge, bakina ya ɗauko maganar Yaya kalma da kalma. Sai na tsaya a bakin ƙofa, na ce mata ta dai yi sallah tukuna.

Ɗazu wajen ƙarfe tara ta shigo tana jan ƙafa, littafin a hannu. Ashe ɓera ya cinye shafukan baya, kuma sauran kashin labarin tun ina budurwa wata maƙwabciyarmu ta ara, ta yi aure da shi ta tafi Gusau. Ta ce, "Umma, don Allah da ta faɗa rijiyar, mutuwa ta yi?" Na ce ta je ta kwanta, gobe akwai Islamiyya. Ta ce ba za ta iya barci ba. Na ce ni ma haka na kwana a lokacin.

Gobe in Allah ya kai mu zan kira shugaban matasan nan in tambaye shi ko ya san yarinya mai farin hijabi da ta zauna a layin baya, kusa da taga. Sannan in sake kiran mai rumfar nan, in ƙara masa suna ɗaya a cikin abin da zai nemo mini.